Ra'ayinmu: A Bar Izini Kafin A Tafi Kasuwa

Muhawarar haihuwa a gida ko a asibiti ta daɗe a rumfunan kasuwanninmu. Masu goyon bayan gida na cewa a ɗaki aka haife mu, ungozoma ta yanke cibi, kuma a asibiti ana yi wa mata tsawa. Ba mu musa ba, halin wasu ma'aikatan yana korar jama'a.

Sai dai ungozoma ba ta ƙarin jini, ba ta tiyata. Jini in ya ɓalle bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2. Doguwar naƙuda ce ke jawo yoyon fitsari, musamman ga mai haihuwar fari da kunya ke hana ta magana. Jijjiga kuwa ba iska ba ce, hawan jini ne da awon ciki ke ganowa.

Uzurin kuɗi ma ya ragu. Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, Nijeriya ta sanar da haka ga mata marasa ƙarfi a 2024, ko da yake akan ce a sayo magani a waje.

Abin da ya fi damun mu shi ne izini. Maigida yana Maigatari ranar Alhamis, wayarsa ba ta shiga, naƙuda ta tashi, ba mai ikon fitar da matarsa sai ya dawo.

Don haka muna kira ga 'yan kasuwa, duk wanda iyalinsa ta shiga wata na 9, kafin ya ɗaure kaya ya ba da izinin a gaban mahaifiyarsa, ya ajiye kuɗin mota, ya bar lambar direban da zai taso ko da tsakar dare ne.