Gashi Sau Ɗaya Ya Isa Rage Raɗaɗin Sankara

Idan sankarar nono ko ta huhu ta bazu zuwa ƙashi, abin da ya fi gallabar majiyyaci shi ne raɗaɗi mai hana barci da tafiya. Ƙarin da ya tsiro a cikin ƙashin yana fitar da sinadarai masu zuga ƙwayoyin halittar da aikinsu shi ne rushe tsohon ƙashi. Waɗannan ƙwayoyi sai su yi ta zubar da ruwa mai tsami, su zaizaye ƙashin, su harzuƙa jijiyoyin da ke kewaye.

A nan ne gashi da haske mai ƙarfi, wato rediyoterafi, yake da amfani. Na'ura tana auna wurin da ke ciwo kaɗai. Hasken yana lalata ƙwayoyin sankara, ya kuma rage aikin masu zaizayar ƙashi. Kimanin majiyyata shida cikin goma sukan sami sauƙi, galibi cikin mako ɗaya zuwa huɗu, ko da yake ciwon yakan ɗan tsananta ga wasu a kwanakin farko.

Abin tambaya shi ne sau nawa ya kamata a yi gashin. A shekarar 1999, masu bincike a Holan sun bayyana sakamakon gwajin da suka yi da majiyyata fiye da dubu. An yi wa wasu gashi sau ɗaya, wasu kuma sau shida, sauƙin da suka samu ya zo daidai. Bambancin shi ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa sau ɗaya sai da aka maimaita musu daga baya.

Wannan sakamako ya cancanci a yi aiki da shi a ƙasar Hausa, inda na'urorin gashi ba su da yawa. Majiyyacin da aka ɗauko daga ƙauye zuwa Zariya ko Sakkwato yana biyan kuɗin mota da masauki da abincin mai jinya. Riƙe shi kwanaki alhali zuwa ɗaya ya wadatar, ƙara masa wahala ne, kuma tsare gurbin wani ne. Sai dai idan ƙashin ya karye ko ƙarin ya danne laka, hukuncin ya koma ga likita.

Irin wannan gashi ba ya warkar da sankarar da ta riga ta bazu. Amma mutumin da ya sami barci, ya iya miƙewa ya yi alwala da kansa, an mayar masa da mutuncinsa.