Lafiya Uwar Jiki: Ƙibar da ke komowa ko ana motsa jiki

A da, ƙiba abin birni ce. Yanzu ta shigo karkara. A kasuwannin ƙauye, daga jihar Tawa har Damagaram, ana ganin mutanen da teɓa ta yi musu yawa. Galibi mutane ne da aikin ƙarfi ya ragu a hannunsu: manomin da ya koma ciniki a rumfa, makiyayin da ya zama dillalin bisashe, mai moto da ya daina zuwa gona da ƙafa, uwargidan da injin niƙa da famfo suka ɗauke mata daka da jan guga. Aiki ya ragu, akushi bai ragu ba.

Wata rana irin wannan mutum ya je gidan likita da ciwon gwiwa ko haki. A auna shi, a tarar da hawan jini ko alamar ciwon sukari. Likita ya ce ya rage ƙiba. Ya bi magana. Kowace safiya ya yi tafiya, ya rage ci. Cikin wata 6 kilo 8 sun tafi, ya ji jikinsa sakayau. Amma bayan shekara sai sikeli ya fara hawa: kilo 1 wannan wata, rabin kilo wata na gaba. Ga shi kuwa bai fasa tafiyarsa ba. Sai zuciyarsa ta karye, ya ce wahalar banza yake yi, ya koma kan tabarma. Komowar ƙiba asara ce, amma barin tafiyar ya fi ta zama asara. Filin wannan wata zai bayyana dalili.

Jiki yana da rumbunsa

Kowane manomi ya san yadda jiki yake yi a shekara. Da damina noma ya yi yawa, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, mutane su rame. Kaka ta yi, jiki ya komo. Makiyayi ma ya sani. Saniya ta fito daga rani sai fata da ƙashi. Ciyawa ta fito, cikin ƴan makonni ta murmure, har tana ɗaukar nama da sauri fiye da wadda ba ta sha wahalar rani ba.

Kitse shi ne rumbun jiki. Jiki yana ajiye shi saboda ranar yunwa. Idan mutum ya rage ci da gangan, jiki ba ya sanin umurnin likita ne. A wurinsa fari ne ya zo. Sai ya tashi tsaye don ya mayar da abin da ya fita daga rumbu. Hanya biyu yake bi: ya ƙara wa mutum yunwa, kuma ya rage abin da yake ƙonawa.

A nan sai a koyi kalma guda. Kamar yadda ake auna hatsi da tiya, haka ake auna ƙarfin da ke cikin abinci da abin da ake kira kalori. Babban mutum yana bukatar kamar kalori 2000 zuwa 2500 a yini. Mai noma da hauya yana bukatar fiye da haka. Abin da aka ci aka ƙona ya tafi. Abin da ya yi saura ya zama kitse.

A shekarar 2016 masana a Amurka suka lissafa cewa duk kilo 1 da mutum ya rage, yunwarsa tana ƙaruwa da kusan kalori 100 a yini. Mutum ba ya lura da wannan ƙari. Loma biyu ce a nan, ludayi guda a can. Shi a ganinsa cinsa bai sake ba.

A Amurka ɗin kuma an yi wata gasa a talabijin a 2009, ta masu ƙiba ƙwarai. Suka yi wata 7 suna motsa jiki mai tsanani, suna cin abinci kaɗan. A tsakaici, kowanensu ya rage kilo 58. Bayan shekara 6 masana suka sake auna mutum 14 daga cikinsu. A tsakaici, kilo 41 sun komo. Aka kuma tarar jikinsu yana ƙona kusan kalori 500 a yini ƙasa da abin da ya kamata ga mai nauyinsu. Ashe komowar ƙiba ba shaidar lalaci ba ce. Haka aka halicci jiki. Wanda abin ya same shi kada ya ji kunya, kada kuma mutanen gida su yi masa dariya.

Ƙafa ba ta biyan bashin baki

Mutane da yawa suna zaton in dai suna tafiya, sun sami izinin cin abin da suka ga dama. Lissafi bai yarda da haka ba. Mai kilo 80, in ya yi rabin awa yana tafiya da sauri, yana ƙona kamar kalori 150. Kwalbar lemu guda ta santilita 33 tana ɗauke da kusan giram 35 na sukari, wato kamar kalori 140. Babban cokali guda na man gyaɗa ya kai kalori 120. Ke nan wanda ya dawo daga tafiya ya sha lemu guda, ko ya ci ƴan ƙosai da suka sha mai, ya mayar da abin da ya ƙona tun gumi bai bushe ba.

Akwai wani abin mamaki kuma. A ƙasar Tanzaniya akwai mutanen da ake kira Hadza. Farauta suke yi da baka da kibiya, suna haƙar saiwa, suna ɗebo zuma. Mazansu suna tafiyar kusan kilomita 11 a yini, matansu kusan 6. A 2012 aka buga sakamakon awon da aka yi musu. In an daidaita girman jiki, abin da suke ƙonawa a yini kusan daidai yake da na mutanen Turai da Amurka masu zaman ofis. Masana suna ganin idan motsi ya daɗe, jiki yana tsimi ta wani gefe. Abin da ya sa Hadza ba su da teɓa, abincinsu ne.

Mai turkar rago ya san wannan tun da daɗewa. In yana son rago ya yi kitse, dusa da harawa yake ƙara masa. In rago ya fara nauyi fiye da kima, abin da ke cikin kwano ake fara dubawa.

To, mene ne amfanin tafiyar?

Amfaninta babba ne, ko sikeli bai nuna ba. Tafiya tana saukar da hawan jini. Tana taimakon jiki ya sarrafa sukari. Tana ƙarfafa zuciya, tana riƙe naman ƙafa da na baya, tana kawo barci mai daɗi. Cikin mutanen nan 14 na gasar, waɗanda suka fi motsa jiki bayan shekara 6 su ne ƙibar ta fi komo musu kaɗan.

Ga wata shaida. A Amurka an tara mutum fiye da 3000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Aka ce wa wani kashi su rage nauyi kaɗan, su yi motsin minti 150 a mako. A 2002 aka ga kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100 a wurinsu. Waɗannan mutane sun rage kamar kilo 7 da farko. Bayan shekara 10 yawancin kilon ya komo, saura kamar kilo 2. Duk da haka kamuwa da ciwon sukari a cikinsu ta kasance ƙasa da ta sauran da kashi 34 cikin 100. Wahalarsu ba ta tafi banza ba. Wanda ya rage kilo 8, 5 suka komo, yana da ribar 3, kuma jininsa da zuciyarsa sun san ya yi aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya yi motsin minti 150 zuwa 300 a mako. Rabin awa a yini, kwana 5, ya kai 150. Tafiyar da ake nufi ita ce mai sauri, wadda mutum zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Noma, faskare, jan guga da tuƙa keke duk suna cikin lissafi. Da rani, lokacin da babu aikin gona, shi ne ya fi kamata a kula.

Abin da ya kamata a yi

1. A riƙa awo. Ƙiba sannu take shigowa, kamar gara a rumbu. A hau sikeli sau ɗaya a mako, ko aƙalla sau ɗaya a wata, a gidan likita ko wurin mai awon buhu. Sikeli guda, da safe, da tufafi marasa nauyi. A rubuta rana da kilo a littafi. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ga wurin amfani da alƙalaminsa. In kilo 2 sun ƙaru, a tashi tun a nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

2. Wanda ba shi da sikeli yana da igiya. A auna tsawon mutum daga ƙafa zuwa ka, a yanke. A ninka igiyar biyu, a kewaya ciki wajen cibiya. In bakinta biyu sun haɗu, madalla. In ba su haɗu ba, teɓa ta wuce rabin tsawo, a kula. Kitsen ciki ya fi na ko'ina haɗari.

3. A fara da abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada sukarin yini ya wuce kamar giram 50, wato ƙaramin cokali 12. In an tsaya a 6 ya fi kyau. Mai shan shayi zagaye uku safe da yamma, ya zuba sukari a koko, ya zuba a fura, ya ƙidaya cokulansa yini guda zai sha mamaki. A rage rabi da farko. Bayan ƴan makonni harshe zai saba.

4. A auna mai da cokali, kada a tuttula daga kwalba. Ƙosai, fanke, awara da soyayyen nama su zama abin marmari, ba na kullum ba.

5. A sake fasalin akushi. Tuwo, shinkafa da taliya su ragu, ganye da wake su ƙaru. Zogale, rama, tafasa, kabeji, kuɓewa da kuka suna cika ciki, kalori kaɗan gare su. In ana ci a kwano guda da jama'a, mai ƙiba ya sa a zuba masa nasa daban, don ya ga iyakar abin da ya ci. A ci a hankali, a sha ruwa.

6. A yi barci isasshe. Ƙarancin barci yana ƙara yunwa. Mai hira har tsakar dare, shayi da tsire ne abokan hirarsa.

7. In biki ko suna ya sa an zarce, washegari a koma kan hanya. Rana guda ba ta rusa aikin wata.

8. A nemi abokin tafiya. Wanda ya san ana jiransa a ƙofar gida ba ya komawa barci.

Bakin mutane

A karkara, teɓa alamar wadata ce a idon mutane da yawa. Mutum ya faɗa kaɗan, sai a fara tambaya: lafiya kuwa? Wani ya ce talauci ne, wani ya ce ciwon ɓoye ne, wata ta ce matarsa ba ta iya girki ba. Wannan surutu yana sa mutane su koma ci. Saboda haka mai gida ya zauna da iyalinsa ya gaya musu abin da likita ya ce. Uwargida da ke riƙe da tukunya ita ce babbar mataimakiya. In ita ce mai ƙibar, mai gida ya ba ta lokacin tafiya, ya hana a yi mata gori.

A kula da waɗannan

Ba kowane nauyi ne kitse ba. In ƙafafu ko fuska sun kumbura, in aka danna yatsa ya bar rami, ko nauyi ya hau cikin ƴan kwanaki tare da haki, ruwa ne. Yana iya zama ciwon zuciya ko na ƙoda. A tafi gidan likita maza. In kuma mutum yana ramewa ba dalili, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, wannan ma ba abin murna ba ne. Alamar ciwon sukari ce.

Wasu magunguna suna sa ƙiba. Wanda likita ya ɗora shi kan magani kada ya bari da kansa, ya koma ya yi tambaya. A guji ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a tebur a kasuwa. Wasunsu suna kumbura fuska, suna tada hawan jini da sukari. Haka kuma garin da mai talla zai ce yana narkar da teɓa cikin mako guda, kuɗin mutum kawai zai narke.

Wannan magana duka ta manya ce masu ƙibar da ta wuce kima. Ba ta shafi yara ba, ko mai ciki, ko mai goyo, ko wanda damina ta ramar. Su ƙarin abinci suke bukata. Abin da mai teɓa ya rage daga akushinsa, a zuba wa yaran gida.

Aikin wannan wata a cibiyoyin yaƙi da jahilci: kowane ɗalibi ya kawo igiya a auna shi. Sa'an nan a yi wannan lissafi a allo: mutum yana shan ƙaramin cokali 14 na sukari a yini, ya rage zuwa 6. Cokali nawa ya rage a kwana 30? Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan fili. Wata mai zuwa za a yi magana kan gishiri da hawan jini.