Kada Mu Binne Dattawanmu Da Ransu

Jama'a, akwai wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa a barandar asibitocinmu idan sakamakon gwaji ya fito. Babban ɗa zai ja likita gefe ya ce, "Likita, don girman Allah kada ka gaya masa." A koma ɗaki, tsoho ya ɗago kai daga matashi ya ce, "Me suka gani?" A ce, "Baba, gyambon ciki ne, sun ce a ci gaba da shan magani." Kafin la'asar 'yan'uwa sun yi taro a gindin bishiya sun gama magana: shekaru sun ja, kada a wahalar da shi, a mai da shi gida a yi ta addu'a. Mutumin da ya aurar da su duka, wanda unguwa ke kawo wa ƙara ya sasanta, an yanke hukunci a kan ransa ba a ji ta bakinsa ba.

Ina kira da babbar murya mu daina wannan. Dattijon da sankara ta kama ba gawa ba ne. Wani zai warke sarai. Wani zai yi shekaru yana shan magani yana harkokinsa. Wanda kuma watanni suka rage masa, watannin nasa ne, yana da bashin da zai biya, da wasiyyar da zai bari, da wanda zai nemi gafararsa. Wa ya ba mu ikon ƙwace masa wannan?

Ku dubi Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka. Mutanen karkara sun ci moriyar aikinsa ko da ba su san sunansa ba, domin cibiyarsa na kan gaba a yaƙin da aka yi da kurkunu, a Najeriya ma tare da Janar Yakubu Gowon aka yi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya da Nijar sun rabu da cutar. A watan Agustan 2015, yana da shekara 90, likitoci suka yanke masa wani yanki na hanta, suka gano muguwar sankarar fata ce, kuma ta riga ta kai ƙwaƙwalwa a wuri huɗu. A wajenmu da tuni an fara kiran dangi na nesa. Shi kuwa sai ya tara 'yan jarida ya faɗa musu da bakinsa, ya ce lamarinsa yana hannun Allah, kuma a ranar ya wuce asibiti aka fara yi masa gashi. Ranar Lahadin da ta biyo baya yana cocinsu a ƙauyen Plains yana ba da karatu kamar yadda ya saba. A Disamba ya shaida wa masu ɗaukar karatun cewa hoton da aka yi bai nuna komai ba. Ya ci gaba da riƙe guduma yana taya gina wa marasa galihu gidaje har 2019, matarsa Rosalynn na gefensa. Bai bar duniya ba sai 29 ga Disambar 2024, yana da shekara 100. Nan gida ma marubuci Wole Soyinka ya fito a 2014, yana da shekara 80, ya ce an yi masa maganin sankarar mafitsarar maza kuma ya samu lafiya.

Na san abin da za a ce: ai wannan Carter ne, ga kuɗi ga manyan likitoci. Gaskiya ne, maganin da aka ba shi ya fi ƙarfin aljihun kusan kowa a cikinmu. To amma gaya wa mutum abin da ke damunsa nawa ake sayarwa? Barinsa ya ci gaba da zama a majalisarsa, da riƙe masa hannu a layin ganin likita, su ma sai an je Amurka?

Hukumar binciken sankara ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum sama da 127,000 suka kamu a Najeriya, kusan 80,000 suka rasu. Ire-iren sankarar da suka fi yawa su ne ta mama, da ta mafitsarar maza, da ta bakin mahaifa, kuma dukkansu ukun ana samun galaba a kansu idan an tare su da wuri. Mu kuwa a makare muke zuwa. Inna za ta ji ƙululu a nononta ta yi shiru shekara guda, don da wane baki za ta gaya wa ɗanta namiji? Wata jini zai dawo mata bayan ta daɗe da daina al'ada, ta ce sanyi ne. Malam zai tashi fitsari sau biyar a dare, yana yi yana ɗiga, ya ce tsufa. Sau da yawa tsufan ne, kumburi ne kawai ba sankara ba, amma gwajin jini da dubawar likita ne za su raba gardama, ba zato ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku 'ya'ya mata da surukai, ku ne za ku iya shiga ɗaki ku rufe ƙofa ku tambayi tsohuwa abin da ba za ta faɗa a tsakar gida ba. Ku tambaya.

Sai kuma maganar nan da ta cinye mana mutane ba adadi, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Abin da ke faruwa shi ne ba a kai mutum asibiti sai ciwon ya riga ya bazu, in ya rasu bayan tiyata a ɗora wa wuƙa laifi. Kafin nan an sai da akuya an sai da gona, an kai wa mai lasifika a bakin kasuwa da ya ce jifa ne, shi kaɗai ke da makarinsa. A shafa baƙin garin magani a buɗaɗɗen gyambo, a ɗaure da tsumma. Wannan ba tawakkali ba ne.

Shi ya sa nake roƙon malamanmu da limamai da fastoci su sa baki, don abin da suka faɗa a mumbari ya fi tasiri a kan abin da likita zai faɗa a rediyo. Ku gaya wa mutane neman magani ba ya warware imani, kuma ciwon daji ba azaba ba ce da Allah ya saukar wa mai zunubi. Annabi Ayuba ya daɗe yana jinya, ba a ce ya yi laifi ba. Ku koya wa marasa lafiya sauƙin da addini ya yi musu: wanda ruwa zai cutar ya yi taimama, wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune ko a kwance, wanda ake yi wa kemo ba dole ya yi azumi ba. Akwai dattawan da zafin ciwo bai sa su kuka ba, amma roba da aka sa musu ta fitsari ta sa su, don suna ganin sallarsu ta lalace. Malami ɗaya da zai zauna a bakin gado ya yi musu bayani zai sauke musu nauyin da babu allurar da za ta sauke.

Dubiya kuwa mun iya ta, amma ta makon farko. Gida ya cika, ga lemo ga ayaba, "Sannu Alhaji, ya ƙarfin jiki? Allah ya sa kaffara ne." Bayan wata biyu ƙafa ta ɗauke. Alhali jinyar sankara doguwa ce: kemo galibi duk bayan mako uku ake komawa, gashi kuwa kwana biyar a mako har tsawon makonni, in ma na'urar ba ta tsaya ba. Gashin kai ya zube, baki ya daina jin ɗanɗano, ko kunu ya sha sai ya dawo. A nan ne za ka tarar an bar wa mutum ɗaya, yawanci 'ya mace ko uwargida da ita ma tsufa ya kama. Ita ce mai shimfiɗa tabarma a ƙasan gadon asibiti, da filas da buta da kula a gefenta, ita ce mai wanke gyambo ta kunna turaren wuta kafin baƙi su shigo, kuma ba wanda ya taɓa ce mata, "Yaya, je ki kwanta, yau ni zan kwana." Zumunta a ƙafa take, ba a saƙon WhatsApp ba. Kuma a sani, sankara ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. A daina ware wa tsoho kwano da kofi, a daina korar jikoki daga ɗakinsa.

Ku abokan majalisa, ku da kuka yi shekaru kuna zama a dakali ɗaya bayan magariba, in ba ya iya fitowa ku ɗauki majalisar ku kai masa zaure. Ku yi gardamar siyasa da farashin taki, ku tsokane shi kamar da. Ya gaji da fuskokin tausayi.

Maganar kuɗi ba a kauce mata. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Gombe, da babban asibitin ƙasa a Abuja suna cikin waɗanda aka fara da su. Bai wadatar ba, amma a je a tambaya, a cike takarda, kada a bari don rashin sani. A Nijar, tun 2021 ake yin gashi a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai. Masu fitar da zakka su tuna da talakan da ke kwance a waɗannan ɗakuna, masallatan unguwa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su kafa gidauniya tun kafin a fara yawo da takardar asibiti a sahu. Idan kuma likita ya ce ciwon ya wuce warkewa, jinya ba ta ƙare ba. Akwai magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su mofin, ku nema masa, kada a bar shi yana murƙususu dare da rana a ce haƙuri yake yi.

Kowannenmu ya san gidan da ake irin wannan jinya. A je a wannan makon. A tambayi mai jinya ranar da za a koma asibiti, mai mota ya ce shi zai kai, mai hali ya biya kuɗin gwajin jini, wanda ba shi da ko ɗaya ya karɓi kwana.