Kuɗin da hannu bai ƙirga ba

A watan jiya wani abokina malamin makaranta ya miƙo mini wayarsa, ya ce in taya shi neman inda albashinsa ya shige, domin ranar 12 ga wata ce amma asusun ya kusa zama wayam. Muka bi bayanan banki layi-layi. Babu kuɗin haya, babu na asibiti, babu wani abu guda da za a nuna da yatsa a ce ga ɓarawon. Abin da muka tarar shi ne naira 1,500 ta tsire, 2,000 ta data, 6,000 ta wani turare da ya gani a WhatsApp da tsakar dare, sai 18,000 ta takalmin da har ranar bai fita daga kwalinsa ba. Da muka haɗa jimla ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, saboda na san abin da za a gani in an buɗe tawa wayar.

Kada wani ya ɗauka ina ɗora laifin tsadar rayuwa a kan mai tsire. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin komai ya tashi, kuma magidancin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba ya bukatar wa'azin tsimi daga kowa. Maganata da wanda ɗan abin da ke rage masa ke zurarewa ne ba tare da ya san ta ina ba. Naira 1,500 a kullum, a ƙarshen wata ta zama 45,000.

A da, sayayya tana da wahalar da ke kare aljihu. Mai son atamfa a Kano sai ya shirya, ya hau mota zuwa Kantin Kwari, ya kutsa cikin cinkoso da zafin rana, ya taya, a ce albarka, ya juya kamar zai tafi, a kira shi, sannan ya zaro kuɗi ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya yana kallon yadda damin ke raguwa. A kowane mataki akwai damar fasawa, kuma da yawa sukan fasa. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya koya wa kowa, har mai shayi da mai kayan miya, karɓar kuɗi ta waya. Yanzu kasuwar tana kwana tare da mu a kan gado, kuma tsakanin ganin kaya da biyan kuɗinsu bai wuce danna lambobi huɗu ba. Wasu malamai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun wallafa wani bincike a 2001 inda aka yi gwanjon tikitin kallon ƙwallon kwando. Waɗanda aka ce da katin bashi za su biya sun taya kusan ninki biyu na abin da masu biya da tsabar kuɗi suka taya. Kuɗin da hannu bai ƙirga ba, zuciya ba ta jin zafin fitarsu.

Saboda haka dabarar da na fi yarda da ita ita ce mutum ya dawo wa kansa da wahalar da aka ɗauke masa. Duk abin da ba ya cikin lissafin wata, a rubuta shi a bar shi ya kwana biyu. Mai sayarwa zai ce saura guda biyu kacal, ko rangwamen yau zai ƙare. Ai ko gobe haka zai ce. A cire kuɗin kashewa na mako a riƙe su a hannu, ko da za a biya mai POS ladarsa. Kuɗin ajiya kuwa a kai su asusun da manhajarsa ba ta cikin waya. Hikimar asusun ƙasa da yara ke tara kuɗin sallah a ciki ke nan: sai an fasa shi ake ɗiba.

Akwai hujjar da ake yawan kawowa, wai gara a sayi kaya yau tunda gobe za su ƙara kuɗi. Gaskiya ce a kan buhun masara lokacin kaka, ko kwanon rufi ga mai gini. Ba ta hau kan takalmi na huɗu ba, balle ankon bikin ƙawar ƙawa.

Abin da ya fi wuya shi ne ɗorewa. Yawancinmu mukan tsara kasafi ne cikin fushin ƙarshen wata, mu soke nama, mu soke zumunci, mu soke duk wani abin marmari, sai ka ce azumin da babu buɗa-baki. Irin wannan ba ya kai kwana goma, kuma ranar da ya karye akan yi ramuwar da ta fi ta da muni. Gara a ware wa kwaɗayi rabonsa tun farko, kaɗan, a rubuce, a kashe shi ba tare da jin kunya ba. In kuma aka yi tuntuɓe a mako na biyu, ba dalili ba ne na yaga littafin.

Sannan a raɗa wa ajiya suna. Iyayenmu mata sun daɗe da gane wannan ta hanyar adashi. Mace ba ta zubi don ta tara kuɗi kawai. Tana zubi ne don kayan ɗakin 'yarta ko keken ɗinki, ta san ranar kwasarta, ta kuma san uwar adashi za ta aiko in ta makara. Ga buri mai suna, ga rana, ga idon da ake jin nauyinsa. Mutum zai iya cin "ajiya" a kan turare cikin dare, amma da wuya hannunsa ya iya taɓa abin da ya rubuta wa "kuɗin makarantar zango na biyu" ko "ragon layya".

Abokin nawa ya shiga adashin malaman makarantarsu, kwasarsa za ta zo daf da komawa hutu. Ya kuma naɗa matarsa mai duba littafin duk daren Juma'a, abin da ya ce ya fi komai yi masa ciwo. Takalmin yana nan a kwali, lamba 43, yana neman mai saye.