Walet ɗin hannu: Kalmomi 24 da suka fi na'urar daraja



Tun guguwar Notcoin da Hamster Kombat a 2024, lokacin da yaro da babba suka duƙufa dangwalar waya, kalmar walet ta zauna a bakin 'yan sakandare. Sai dai yawancinku na cikin waya kuka sani, irin su Trust Wallet da MetaMask. Akwai wani kuma da ake riƙewa a hannu, ɗan ƙarami kamar filas, da ɗan allo da maɓallai a jikinsa. A kansa za mu tattauna yau, domin ko ba ku da abin ajiyewa a ciki, ranar da yaya ko kawu ya sayo shi, ku za a kira a ce, "zo ka saita min, kai ne ɗan boko."

Da farko ku sani, babu ko kwabo a cikin na'urar nan. Kuɗin kirifto suna rubuce ne a kundin bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa. Abin da na'urar ke ɓoyewa shi ne makullin sirri, wato abin da ke ba mutum ikon motsa kuɗin. A walet ɗin waya, makullin yana zaune a cikin wayar da kuke sauke wasanni da finafinai da ita, don haka muguwar manhaja guda ɗaya ta isa ta kwashe shi. A walet ɗin hannu kuwa makullin ba ya fita waje. Idan za a tura kuɗi, waya ko kwamfuta ce ke shirya saƙon, ta miƙa wa na'urar, na'urar ta sa hannu a cikinta bayan mai ita ya danna maɓalli, sannan ta dawo da saƙon.

Kamfanin SatoshiLabs na birnin Prague ne ya fara fitar da irin wannan na'ura, mai suna Trezor, a 2014. A shekarar ce kuma kasuwar Mt. Gox ta Japan ta durƙushe, inda Bitcoin kusan 850,000 suka yi ɓatan dabo. A Nuwamban 2022 kasuwar FTX ma ta bi sahu. Waɗanda suka bar kuɗinsu a hannun kasuwannin nan sun wayi gari ba su iya cire komai ba, alhali mai riƙe da makullinsa da kansa bai ji ko a jikinsa ba.

To, ta yaya ake saitawa? Tun daga wurin saye ake fara taka-tsantsan. A saya daga kamfanin kai tsaye ko dillalin da kamfanin ya lissafa a shafinsa. Na hannu, wato wanda wani ya taɓa amfani da shi, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2020 aka yi wa kamfanin Ledger na Faransa kutse, aka fallasa sunaye da adireshi da lambobin waya na masu sayen kayansa sama da 270,000. Shekarar da ta biyo baya wasu daga cikinsu suka riƙa samun na'urorin bogi ta gidan waya, har da wasiƙa mai tambarin kamfani da ke cewa su sauya tsohuwar.

Idan an kunna sabuwar na'ura, za ta nemi a sa mata lambar sirri irin ta katin ATM. Kada a sa shekarar haihuwa, kada a sa 1234. Ledger tana goge duk abin da ke cikinta idan aka kuskure lambar sau uku a jere, yawancin na'urorin Trezor kuwa sai sau 16. Wannan ne ke hana ɓarawon da ya ɗauke ta ya zauna yana gwadawa har ya dace.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Na'urar za ta nuna kalmomin Turanci ɗaya bayan ɗaya a allonta, 24 a Ledger, wasu na'urorin kuma 12. Tana zaɓo su ne daga wani jeri na kalmomi 2,048, kuma daga cikinsu ake samar da duk makullan walet ɗin. Ma'anar wannan ita ce, idan na'urar ta faɗa rijiya, sai a sayo wata, a shigar da kalmomin, kuɗi su bayyana cif. Haka kuma duk wanda ya ga kalmomin nan ba ya buƙatar na'urar ko lambar sirrinta, daga ɗakinsa zai share komai, kuma babu bankin da za a je a kai ƙara a dawo da su.

Saboda haka da biro da takarda ake rubuta su, bi da bi yadda suka fito, don ko jeri aka sauya ba za a samu walet ɗin ba. Ba a ɗaukar su a hoto, ba a tura wa kai a WhatsApp, ba a adana su a imel. Na san halinmu, komai sai mun ɗauki hoton allo, to nan ne wurin da wannan ɗabi'a ke tsiyata mutum. Idan kuma aka buɗe kwali aka tarar da kati ɗauke da kalmomin an riga an rubuto su, wannan tarko ne, wanda ya rubuta su yana jira ne kawai a zuba kuɗi. Haka duk wanda ya biyo ku Telegram da sunan ma'aikacin kamfani yana neman kalmomin don ya "gyara matsala", ɓarawo ne. Kamfanonin ba sa tambayar su.

Kai da aka kira ka taya saitawa, idan an zo wannan gaɓa, miƙa wa mai na'urar biro ka juya baya. Ba don ana zargin ka ba. Ranar da wani abu ya ɓace, za ka so a ce idonka bai taɓa ganin kalmomin ba.

Ajiyar takardar ma aiki ce. A gidajenmu akwai gara, akwai yoyon damina, akwai ƙanen da ke yaga duk abin da ya gani ya yi jirgi. Shi ya sa wasu ke sassaƙa kalmomin a jikin farantin ƙarfe, wasu kuma su yi kwafi biyu su ajiye a wurare daban. James Howells, wani mutumin Newport a yankin Wales, ya rasa faifan kwamfutar da ke ɗauke da makullin Bitcoin kusan 8,000 a 2013, bayan an zubar da shi a shara. Ya shafe fiye da shekara goma yana neman izinin tona jujin, har kotu ta yi watsi da ƙararsa a Janairun 2025. Akwai kuma batun gado, wanda ba mu cika son tunawa ba: idan mai walet ya rasu babu wanda ya san inda takardar take, magada ba za su ga ko sisi ba.

Wajen tura kuɗi, a fara da ɗan kaɗan a ga ya isa lafiya. Kuma kowane lokaci a gwada adireshin da ke allon na'urar da wanda ake nufin tura wa, harafi bayan harafi, domin akwai ƙwayar cutar kwamfuta da ke musanya adireshin da aka kwafa da na ɓarawo. Allon waya na iya yin ƙarya, shi ya sa aka yi wa na'urar nata allon.

Shin ɗan sakandare na buƙatar ta? A ganina, a'a. Ƙananan cikinsu kan kai dala 50 zuwa 80, kuma manyan kasuwannin kirifto ba sa buɗe wa wanda bai kai shekara 18 ba asusu. Wanda abin da ya tara daga dangwale bai kai kuɗin na'urar ba, gara ya sayi littattafan WAEC. Sannan na'urar tana tsare makulli ne kawai. Ba ta hana farashi faɗuwa, ba ta kuma ceci wanda ya danna maɓalli da hannunsa ya tura wa masu alƙawarin ninka kuɗi ba, kamar yadda ta faru da mutanen da CBEX ta rufta da su a Afrilun 2025.