Idan Lissafi Ya Saɓa, Wa Ke Ɗaukar Asara?

Duk kuɗin da aka cira ta na'urar POS a Zakka, cikin ƙaramar hukumar Safana, a wuri uku ake rubuta shi: na'urar mai shago, kwamfutar kamfanin da ya ba shi na'urar, da bankin mai kati. Ciniki ba ya faɗawa sai ukun sun yi magana ɗaya. Saƙo yakan tashi daga na'urar, ya ratsa cibiyar da ke haɗa bankuna, irin su NIBSS, banki ya zare kuɗin, sa'an nan amsa ta juyo. Idan sabis ya yanke amsar tana hanya, banki ya riga ya zare, na'ura kuwa ta fitar da takarda cewa ba a biya ba.

Daga nan zalunci ke farawa. Manomi yana riƙe da saƙon banki, mai POS yana riƙe da takardarsa, kowa da gaskiyarsa. In mai POS ya biya, jarinsa ya taɓu. In ya hana, gari ya kira shi maci amana. Kamfani da banki, waɗanda lissafinsu ne ya saɓa, ba su ko san ana yi ba.

Masu kare tsarin sukan ce ai akwai doka. Gaskiya ne: tun Yunin 2020 Babban Bankin Nijeriya ya sa wa'adin awa 72 don mayar da kuɗin cinikin POS da aka yi ƙorafi a kansa. Amma wanda kuɗinsa ya maƙale bayan wa'adin, sai ya biya mota zuwa Dutsin-Ma ko Katsina, a hanyar da 'yan bindiga ba su bar ta lafiya ba, don ya cike takarda. Dubu biyar ba ta kai wannan kasada ba, don haka da yawa sukan bar wa Allah.

Kuma yankewar sabis a wannan yanki ba baƙon abu ba ne. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Safana da Batsari, aka shafe watanni. A farkon 2023 canjin kuɗi ya tura kowa ga na'ura dole. Wanda ya ƙera manhaja bisa zaton intanet ba ya yankewa, Legas ya yi wa aiki, ba Zakka ba.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Kowane ciniki yana da lambarsa. Na'ura ta adana wanda bai kammala ba, ta aika da shi da zarar sabis ya dawo. Kamfani da banki su gwada lissafinsu kullum, duk abin da ya saɓa a mayar ba tare da mai shi ya roƙa ba. Tun 2019 Babban Bankin Indiya ya wajabta haka, ya kuma sa bankin da ya wuce wa'adi ya biya mai kuɗi rufi 100 kan kowace ranar jinkiri.

Irin wannan diyya ya kamata Babban Bankin Nijeriya ya ɗora a kan awa 72 ɗin. Ranar da jinkiri ya fara cin aljihun banki, ranar za a gyara manhajar.