WASIƘAR KAOJE: Agogo Mai Tsada, Ajiya Ne Ko Asara?

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa gare ka da dukan masu karatun wannan jarida, malamai da akawuna da sauran 'yan'uwa na nesa da na kusa. A wannan mako ba zancen noma ko na hanya zan yi ba. Wata magana ce ta shigo bakin samarinmu, tun daga nan Kaoje har Bagudo da Tsamiya da Lolo, har na ji ta fara kama manya, ina so mu auna ta tare tun ba ta ci dukiyar wani ba. Maganar kuwa ita ce, wai wanda ya sami 'yan kuɗi a hannu, ko na adashi, ko na sallama daga aiki, ko na shinkafar rani, kada ya bar su a naira, ya nemi agogon hannu mai babban suna ya saya, wai shi agogo ba ya faɗuwa, kullum daɗa daraja ya ke yi. Ni dai na ce a ƙasarmu wannan ba ajiya ba ce.

Ba na zargin masu tsoron naira. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta sakar wa kasuwa farashin naira, dalar da a ke saya ƙasa da naira 500 a banki ta haura 1,500 kafin ƙarshen watan Fabrairu na 2024. Mu mutanen bakin iyaka ba sai an karanta mana a jarida ba, mun gani da ido a wurin 'yan canjin sefa. Tsoron yana da dalili. Maganin da aka zaɓa masa ne ban yarda da shi ba.

Bari mu fara da inda labarin ya samo tushe. Sunan da ya fi yawo a bakin mutane shi ne Rolex. Wani Bajamushe, Hans Wilsdorf, shi da Alfred Davis suka kafa kamfanin a Landan cikin 1905, aka yi rajistar sunan Rolex a 1908, bayan Yaƙin Duniya na Farko aka mai da shi birnin Janeba ta ƙasar Suwizalan. A 1926 suka fito da agogon da ruwa ba ya shiga, a 1931 kuma da wanda motsin hannun mai shi kaɗai ke naɗe masa ƙarfi, ba sai an murɗa ba. Wanda ya taɓa ganin cikin irin wannan agogo, ƙafafu da haƙora da 'yan ƙusoshi fiye da ɗari, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, kowanne na tura ɗan'uwansa dare da rana, lalle zai jinjina wa masu wannan sana'a. Ban rena aikin ba ko kaɗan.

Amma labaran da ke ruɗin samari na gwanjo ne. A watan Oktoba na 2017 aka yi gwanjon wani Rolex a birnin Niyok, aka saye shi wajen dala miliyan 17.8. A watan Nuwamba na 2019 kuma aka sayar da wani na kamfanin Patek Philippe a Janeba kan kuɗin Suwizalan miliyan 31. Duk gaskiya ne. Abin da mai ba da labarin ba ya ƙarawa shi ne, na farkon agogon Paul Newman ne, shahararren ɗan wasan majigi na Amurka, matarsa ta ba shi kyauta, watau sunan hannun da ya ɗaura shi aka saya. Na biyun kuwa shi kaɗai aka ƙera irinsa da baƙin ƙarfe, aka yi gwanjonsa domin taimakon binciken wata cuta da ke shanye jikin yara. Wanda ya ji labarin waɗannan biyu ya ɗauka kowane agogo haka ya ke, daidai ya ke da wanda ya ji kuɗin dokin sarki ya tafi ya sayi kuru.

Kada kuma wani ya ce tsadar saboda kiyaye lokaci ce. Tun ran 25 ga Disamba 1969, da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir, wannan gardama ta ƙare. A cikin irinsa akwai wani ɗan dutse mai kama da ƙarau, wuta na kaɗa shi sau 32,768 a kowace daƙiƙa, da wannan ya ke ƙidaya. Ɗan baƙin Casio ɗin nan da yaranmu ke ɗaurawa, wanda aka fara yi a 1989, kuskurensa bai wuce daƙiƙa 30 a wata ba. Rolex kuwa alkawarin da ya yi shi ne ba zai wuce daƙiƙa 2 a yini ba, watau kamar 60 a wata. Ashe ladanin da ke duba Casio ya fi attajiri sanin shigar Azahar.

To, yanzu mu zo ga abin da ya shafe mu kai tsaye, watau irin agogon da ke ƙetaro iyaka. Kowa ya san hanyar kaya: daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa kasuwar Dantokpa, su hau arewa ta Paraku da Kandi, wasu su sauka Malanbil su ɓullo ta Lolo, wasu su bi Segbana su shigo ta Tsamiya. Agogo abu ne ƙarami, ɗari sa shiga jaka guda a bayan babur. Mafi yawan masu ɗauke da manyan sunaye a cikinsu jabu ne, akasari ƙirar ƙasar Sin. Wanda ya sayi irinsu a 'yan dubbai yana sane, don ado ranar Salla, bai cuci kowa ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Cutar tana wajen wanda a ke ja gefe a yi masa raɗa, a ce wannan na ainihi ne, wani Alhaji ne a Kwatano ya shiga matsi, ko kuwa a ce kayan da aka kama ne aka fitar ta bayan gida, a ba shi a kan miliyan ɗaya ko biyu, ya sayar da bijimai ya biya yana murna ya yi tsintuwa.

A dā akwai alamomin da a ke gane jabu da su. A kan duba hannun daƙiƙa: na ainihi yana motsi sau takwas a daƙiƙa guda, sai ka ga kamar sulalewa ya ke, na jabu kuwa tsalle ya ke yi ɗaya ɗaya. A kan duba ɗan gilashin da ke kan kwanan wata, ko yana girmama lambar sau biyu da rabi. A kan auna nauyi a tafin hannu. Amma fa masu jabu su ma sun karanta waɗannan alamomi. Akwai jabun da ya haye su duka, ya zo da akwatinsa da katinsa, ba mai gane shi sai gwanin da ya buɗe bayansa da kayan aiki ya duba injin. Irin wannan gwani ba ya zaune a Bagudo.

Ga wani lissafi mai sauƙi, wanda kowane malamin makaranta zai iya yi wa yara a allo. Rolex ba ya sayar da sabon agogo sai ta hannun wakilan da ya amince da su, a Nijeriya kuwa kantin Polo na Ikko aka sani da wannan. Kowane agogo yana da lambarsa, da kati mai ɗauke da lambar, da lamuni na shekara biyar tun daga 2015. Mafi araha a cikinsu, na baƙin ƙarfe wanda ba shi da ado, ya haura dala 5,000. A canjin 2024 ya kai naira miliyan 7.5, watau fiye da albashin wata ɗari ga mai karɓar naira 70,000, mafi ƙanƙantar albashin da doka ta yanka a waccan shekara. Wasu irin ma a can Turai sai mutum ya rubuta suna ya jira watanni ko shekaru. Abin da attajiran Landan ke bin layi a kansa, ƙaƙa za a yi ya biyo hanyar Segbana a bayan babur, yana neman mai saye a kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa? In ba jabu ba ne, to na sata ne, a Landan kuwa akwai ofishin da aikinsa ke nan, rubuta lambobin agogunan da aka sace, manyan dillalai kan duba can kafin su saya.

Mu ɗauka ma mutum ya yi sa'a, nasa na ainihi ne, na halal. Sharaɗin ajiya shi ne ranar da buƙata ta taso ta zama kuɗi. Bafulatanin da ke da saniya, in matarsa ta kwanta ciwo, ya kora ta kasuwa, dillalai goma sun san kuɗinta, kafin La'asar ya riƙe abinsa. Kafin wannan rana kuwa ta ba shi nono, ta haifa masa maruƙa, ta yi masa taki. Mai buhun shinkafa haka, mai fili haka, mai zinariya ma za a ɗora ta a ma'auni a faɗi nauyinta. Mai agogo fa, wa zai taya a Kaoje? Sai ya hau mota zuwa Birnin Kebbi, daga can Kano ko Abuja ko Ikko, ya sami dillalin da ya san a matse ya zo, ya taya masa abin da ya ga dama. Kuma ba gaskiya ba ne cewa farashi ba ya sauka. Kasuwar agogunan da aka taɓa ɗaurawa ta hau ƙwarai lokacin annobar korona, ta kai ƙololuwa a farkon 2022, sa'an nan ta yi ta gangarowa har 2024, waɗanda suka saya a sama da yawa sun sayar da hasara. Ga kuma ɗawainiya: man da ke cikin injin yana bushewa, kamfanin da kansa ya ce a kai gyara wajen kowace shekara goma, gyaran kuwa ba na mai tebur a bakin kasuwa ba ne, wanda gwanintarsa canja batir da maɗauri, Allah ya yi wa sana'arsa albarka.

Na taɓa zama a wani rabon gado a wannan yanki. Mamacin ya bar shanu da gona da agogo guda, wanda ya sha gaya wa iyalinsa cewa ya fi shanun duka daraja. Shanu da gona aka ƙiyasta su kafin a sha ruwa. Agogo kuwa ya tsai da rabo wata biyu, babu rasit, babu kati, babba ya ce a sa masa kuɗi mai yawa, ƙanana suka ce ba su yarda a lissafa musu shi a kasonsu ba. Da aka aika da shi birni aka buɗe, amsar da ta dawo ba ta kai kuɗin motar ɗan aiken ba. Marayun nan har yau akwai waɗanda ba sa ga maciji da juna.

Malamai kuma ga naku. Da yawa daga agogunan nan zinariya ce a jikinsu, a Risalar Ibn Abi Zaid kuwa, wadda a ke karantawa a kowane zaure, hanin sa zinariya ga maza a fili ya ke. Na baƙin ƙarfe babu wannan damuwa. Wanda kuma ya gane an cuce shi, sa'an nan ya nemi wani ya sauke masa kayan da sunan na ainihi, ya san algus ya yi, ko da shi ma da tsada ya saya.

Akawuna 'yan'uwana, ku ne na fi ji wa tsoro, gama agogo a hannun ma'aikaci magana ya ke yi. A 2019 wata Babbar Kotun Tarayya a Ikko ta mallaka wa gwamnati kayan adon da hukumar EFCC ta kwashe daga gidan Diezani Alison-Madueke, wadda ta riƙe ma'aikatar man fetur daga 2010 zuwa 2015, an ƙiyasta su dala miliyan 40, a ciki har da agogunan hannu 189. Ramon Abbas, wanda a ke kira Hushpuppi, aka kama shi a Dubai cikin 2020, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 11 da wata 3 a 2022, cikin hujjojin da aka kawo har da agogon Richard Mille na wajen dala 230,000 da aka saya da kuɗin damfara. Ba na cewa duk mai tara agogo ɓarawo ne, akwai 'yan kasuwa masu gumin kansu da ke sha'awar abin kamar yadda wani ke sha'awar dawaki. Amma akawun ƙaramar hukuma da ya shigo ofis da Rolex, ɗayan biyu mutane za su ce: ko jabu ne su yi dariya, ko na ainihi ne su fara lissafin albashinsa.

Wanda Allah ya hore wa, ya biya haƙƙin iyali da na zakka, ransa kuma ya biya, to ya tafi wurin wakilin kamfani da ƙafarsa, kada ya yi cinikin biri a sama ta hoton waya. Ya gwada lambar kati da ta jikin agogo, ya adana rasit da akwati, ya rubuta a takarda abin da ya saya da kuɗinsa, ya nuna wa magada inda ya ajiye.

Ina roƙon malamanmu na Gwandu da Sakkwato da ke karanta wannan shafi su rubuto mana bayani a kan zakkar agogon da aka saya da niyyar jiran farashi ya hau, gama tambayar ta taso a majalisarmu, na yi alkawarin miƙa ta ta wannan jarida.

Haza wasalam.

Naku,
Wakilinku na Kaoje.